Gilashin raba hasken taurari da na saya a Accra: ya ci kuɗinsa, amma ba yanda mai shago ya faɗa ba

Salamu alaikum jama'a. Mutane da yawa sun tambaye ni game da ɗan gilashin nan da nake ɗaurawa a teleskop, wai menene shi, a ina na samu, nawa ne, kuma da gaske ne ana iya sanin shekarun tauraro da abinda ke cikinsa da shi. To bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. In kana da teleskop ko da ƙarami ne kuma kana da haƙuri, ka saya, wallahi ba za ka yi nadama ba. In kuma baka da teleskop, ko kana tunanin yau za ka ɗaura shi gobe ka fara faɗa wa mutane shekarun taurarin wata galaksi mai nisa, wato tarin taurari biliyoyi irin wanda ranarmu ke ciki, riƙe kuɗinka tukuna ka karanta wannan har ƙarshe.

Abun ɗan mitsitsi ne, baƙin zobe mai faɗin inci 1.25 da gilashi a tsakiya, in ka kalle shi sai kace gilashi ne fayau babu komai, amma an ja masa siraran layuka guda 100 a cikin kowace milimita ɗaya, ido baya ganinsu. Haske in ya ratsa ta cikinsu sai ya rabu launi launi, shunayya, shuɗi, kore, rawaya, har zuwa ja, bakan gizo kenan amma miƙaƙƙe. Ana murɗa shi ne a gindin idon teleskop inda ake sa filta, ko kuma a gaban kyamara. Ba batir ba caji ba data, dumsor bai shafe shi ba ko kaɗan.

Ni tica ne na sayans a wata JHS nan Mamobi, teleskop ɗina mai madubi ne milimita 130, na hannu, baya bin tauraro da kansa. Wani shagon kayan kyamara ne a wajen Circle ya yo min odar gilashin, bazan kama suna ba. Kuɗin ya ɗan haura sidi 2,000 har da na kawowa a lokacin da na saya, rabi ta MoMo rabi bayan kaya ya iso, kuma kayan ya makara sosai kan lokacin da suka ɗiba min, sai da na yi ta kira. Da ya zo kuma kwalin babu ko takarda ɗaya ta bayani, ba ta Turanci ba ta komai, gilashi ne kawai a cikin 'yar roba. Wannan kam ban ji daɗinsa ba, domin mutumin da bai taɓa ganin irinsa ba zai ɗaura ya leƙa yaga ɗigo da wani jan layi a gefe yace an cuce shi. Amma yaron shagon yana da kirki, ya bar ni na murɗa shi a idon teleskop ɗin da na zo da shi na tabbatar zaren ya hau daidai kafin in cika kuɗi, ba kowane shago ke yarda da haka ba.

Inda muka ɗan yi sa'insa shine da yace min "Masta, wannan in ka sa, har galaksi za ka san shekarunta da abinda ke cikinta, irin na NASA ne." Nace ɗan uwa kai ka taɓa gwadawa? Yace a intanet ya gani. Ba ƙarya ya shirya min ba, na yarda da haka, magana ce mai rabin gaskiya, kuma rabin nan na gaskiya yana da girma paa, shi yasa zan ɗan tsawaita.

Kafin ma ka kai ga sama, wannan gilashin yana aiki a ɗaki, kuma a ganina nan ne rabin kuɗinsa ya fita. Ka kanga shi a idonka ka kalli ƙwan lantarki daga nesa. Tsohon ƙwai mai zare a ciki zai baka bakan gizo cikakke babu yankewa. Ƙwan nan mai lanƙwasa na tsimin wuta, irin wanda gwamnati ta raba guda miliyan 6 kyauta a 2007, shi kuma ba zai baka bakan gizo cikakke ba, sai dai kaga hoton ƙwan ya fito daban daban, ɗaya kore shar, ɗaya shuɗi, ɗaya ja, da duhu a tsakaninsu, koren nan da shuɗin nan na zaiba ne da ke cikin ƙwan. Na LED kuma shuɗinsa ne ke da ƙarfi, sai ɗan rami, sai faffaɗan kore da rawaya. Sannan ka kashe wuta ka kunna gas ka barbaɗa gishirin miya kaɗan a kan harshen wutar, nan take zata koma ruwan ɗorawa, ka kalla ta gilashin za kaga launi ɗaya tak a wuri ɗaya tak, sodiyam kenan, a nanomita 589 (nanomita shine ma'aunin da ake faɗin wurin kowane launi a cikin bakan da shi), shine dai hasken tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo. Da na yi wa 'yan ajina wannan, wata yarinya da bata cika magana ba tace "Tica, kenan ko ban taɓa abun ba in dai yana haske zan iya sanin menene a ciki?" Nace mata wannan tambayar taki ita ce ilimin gaba ɗaya. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo yara na kwafa suna mantawa, ranar nan da idonsu suka gani.

Kuma haka abun ya faro wajen masana ma. A 1814 wani mai haɗa gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya raba hasken rana yaga baƙaƙen layuka sirara a cikin bakan, ya lissafa sama da 500, bai san dalilinsu ba har ya rasu. Sai wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen a garin Heidelberg suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa layukan a wurarensu da basa canzawa, in yana da zafi shi kaɗai sai ya fitar da su da haske, in kuma haske mai ƙarfi ya ratso ta cikinsa daga baya sai ya shanye daidai wuraren nan su fito baƙaƙe. A 1868 aka ga wani layi rawaya a hasken rana wanda bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba, shine hiliyam, sai 1895 William Ramsay ya same shi a nan ƙasa. Ka duba fa, an ga abu a rana shekara 27 kafin a riƙe shi a hannu.

To yanzu sama. Tauraron da zan ce kowa ya fara da shi shine Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi, shi ya fi kowane tauraro haske da dare, nisansa tafiyar haske ta shekara 8.6. Daga Janairu zuwa Maris yana nan sama sosai bayan Isha'i. In ka saita shi za kaga ɗigon tauraron a gefe ɗaya, sai wani siririn layi mai launuka a ɗaya gefen, kuma ga sirrin da babu wanda ya faɗa a kwali: kar ka yi fokas a kan ɗigon, ka yi a kan layin launukan, domin ba a wuri ɗaya suke kaifi ba. Da ido zalla layin siriri ne sosai, sai ka natsu, ka bar idonka ya saba da duhu, sannan za ka fara hango wata 'yar yankewa baƙa tsakanin shuɗi da kore. Haidurojin kenan, a nanomita 486. Da kyamara kuwa abun a bayyane yake, har da waya ma in kana da abun maƙala ta a idon teleskop, ka juya gilashin yanda tauraro zai riƙa tafiya a gicciye da layin launukan, ka bar kyamara a buɗe 'yan daƙiƙu, tafiyar da tauraron yayi da kanta zata faɗaɗa bakan ya zama kaman kintinkiri, sai baƙaƙen layukan haidurojin su fito a jere, na 486 da wasu a can cikin shuɗi da shunayya. Akwai na ja ma a 656 amma waya bata cika kama shi da kyau ba.

Daga nan sai ka juya zuwa Betelgus, jan tauraron nan da ke kafaɗar rukunin taurarin da ake kira Oriyon, wanda a Accra kusan ta tsakiyar kanmu yake wucewa. Shi nasa bakan daban ne kwata kwata, shuɗin kusan babu, jan kuma an yanyanka shi da faffaɗan duhu mataki mataki, wannan kam ko da ido ana gani, bai buƙatar wahala. Taitaniyam oksaid ne ke yin haka, kuma baya iya zama a jikin tauraro sai mai ɗan sanyi, Betelgus fatarsa bata kai digiri 3,500 ba, rana wajen 5,500, Shi'ira kusan 10,000.

A nan ne mutum zai iya ruɗewa yace to ai Shi'ira haidurojin ne zalla shi kuma Betelgus taitaniyam ne. A'a. Dukansu mafi yawan jikinsu haidurojin ne da hiliyam, haka rana ma, wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinta haidurojin, kusan kwata hiliyam, duk sauran sinadaran duniya a haɗe basu kai kashi 2 cikin 100 ba. Zafin tauraro ne ke zaɓar layin da zai fito fili da wanda zai ɓoye. Wata matashiya 'yar Ingila da ke karatu a Harvard, Cecilia Payne, ita ta warware wannan a 1925, manyan lokacin basu yarda da ita nan take ba, daga baya aka tabbatar ita ce da gaskiya. Ina son in riƙa faɗa wa 'yan matan ajina labarinta. Darasin dai shine ganin layi daban, sanin yawan sinadarin daban, sai ka san zafin tauraron da girmansa kafin ka fara lissafin yawa, kuma wannan gilashin namu ganin layin kawai yake baka, shima manya manyan.

Shekaru kuma fa? Babu wani layi da aka rubuta shekaru a jikinsa. Hanyar zagaye ake bi. Tauraro mai nauyi sosai yana da zafi, shuɗi ne, kuma yana cinye makamashinsa da gaggawa, cikin 'yan miliyoyin shekaru ya gama. Irin rana yana kaiwa wajen shekara biliyan 10, yanzu tana kan 4.6. Ƙananan jajaye kuwa tun farkon halittar sararin nan, shekara biliyan 13.8 a lissafin masana, ko ɗaya bai mutu da tsufa ba tukuna. Shi yasa Betelgus duk da ya kumbura ya yi ja yana dab da ƙarshensa, shekarunsa wajen miliyan 10 ne kawai, nauyi ne ya tsufar da shi da wuri. Tauraro ɗaya tilo yana da wuyar sa wa shekaru, amma in tari ne da aka haifa lokaci ɗaya abun ya fi sauƙi, sai ka duba wanne ne mafi nauyi da har yanzu yake ci daidai. Kaza da 'ya'yanta har yanzu tana da shuɗɗan taurari masu zafi, kenan bata daɗe ba, wajen shekara miliyan 100. Dunƙulen nan na Omega Sentauri da muke gani ta kudu wajen Afrilu zuwa Yuni, shuɗɗansa irin waɗannan sun daɗe da ƙarewa, ya haura shekara biliyan 10. Baba mai gidanmu yana zama waje bayan Isha'i, shi tun yana yaro a arewa ya san Kaza da Zara da Gamzaki, da lokacin shuka ake duba su, yace min "Tica, wai kazar nan ma tana da shekaru?" Nace Baaba tana da su, miliyan 100, kuma a cikin taurari jaririya ce. Ya daɗe yana kallonta ta teleskop yana tasbihi.

Yanzu mu zo kan maganar yaron shago, galaksi masu nisa. Matsalar ita ce a can ba a ganin taurari ɗaya ɗaya, sai 'yan na kusa da mu. Hasken taurari biliyoyi ne ya cakuɗe ya iso a dunƙule. Wanda ya taɓa saukowa daga Aburi da dare ya hango Accra a shimfiɗe zai gane, baka iya ƙirga ƙwai ɗaya ɗaya, haske ne kawai ya haɗu, amma da za ka tattara shi duka ka raba, layin sodiyam zai gaya maka yawan tsofaffin fitilun titi, shuɗin LED ya gaya maka yawan sababbi, in dai ka riga ka san bakan kowane irin ƙwai sai ka yi ta haɗawa a lissafi har ka samu haɗin da yayi daidai da abinda ka gani. Kuma fitilun filin ƙwallo guda kaɗan zasu iya danne hasken ɗakuna dubbai. To haka masana ke yi. Suna da bakan taurari iri iri na kusa da mu da aka auna da kyau, suna da lissafin yanda kowanne ke tsufa, sai kwamfuta ta haɗa tari na gwaji, wannan mai shekara miliyan 100, wannan biliyan 1, wannan biliyan 10, wannan mai sinadarai masu nauyi da yawa, wannan mai kaɗan, a gwada da hasken galaksin. Lissafin Bruzual da Charlot na 2003 yana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Kuma matsalar fitilun filin ƙwallo tana nan, sababbin taurari 'yan kaɗan masu tsananin haske suna iya rufe tsofaffi masu ɗimbin yawa, sai galaksi ta fito kaman yarinya alhali mafi yawan nauyinta tsoho ne.

Abinda ya fi burge ni, kuma dalilin da yasa nace gilashin nan ya ci kuɗinsa, shine layin nan na 486 da muke gani a Shi'ira daga saman bene a Mamobi, shi ɗin dai suke aunawa a galaksi. Taurari irin Shi'ira sune ke da layukan haidurojin mafi zurfi, kuma rayuwarsu wajen shekara biliyan 1 ce, to in ka raba hasken galaksi kaga layukan nan sun yi zurfi sosai, ka san an haifi taurari da yawa a cikinta cikin shekara biliyan ɗaya da ta wuce. In basu da zurfi, kuma hasken ya faɗi ƙasa tim a wajen nanomita 400, tsohuwa ce. Launi kaɗai baya isa, domin abu uku ne ke sa galaksi ta yi ja: tsufa, yawan sinadarai masu nauyi, da ƙura da ke tare shuɗin haske, irin yanda rana ke yin ja a hazo. Guy Worthey ya nuna a 1994 cewa in ka ninka shekarun tari sau uku ka rage sinadaransa masu nauyi da rabi, launin kusan baya canzawa, ido bazai bambance ba. Shi yasa dole a koma ga layuka, na haidurojin ya fi jin shekaru, na magniziyam a wajen 517 da na ƙarfe a wajen 527 da 533 sun fi jin sinadarai, sai a haɗa su a warware.

Akwai ma wani abu mai daɗi a tsakanin magniziyam da ƙarfe. Da farkon farko haidurojin ne da hiliyam sai ɗan litiyam, duk sauran a cikin taurari aka dafa su. Manyan taurari da ke fashewa da wuri su ke watsa oksijin da magniziyam, cikin 'yan miliyoyin shekaru. Mafi yawan ƙarfe kuwa daga wata irin fashewa yake zuwa ta farin ƙaramin tauraro da ya riga ya mutu, ita kuma tana ɗaukar ɗaruruwan miliyoyin shekaru zuwa biliyan kafin ta yawaita. Kenan galaksin da magniziyam ɗinta ya rinjayi ƙarfe ta haifi taurarinta ne da gaggawa ta tsaya kafin ƙarfen ya iso, manyan galaksi masu siffar ƙwai haka suke. Daga layuka biyu an san ba shekaru kaɗai ba har da saurin da aka yi aikin. Subhanallah.

To me zai hana namu gilashin yin wannan? Abu biyu. Na farko haske. Madubin teleskop ɗin James Webb da aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021 faɗinsa mita 6.5, ya ninka nawa sau 50, hasken da yake tarawa kusan sau 2,000, kuma yana can inda babu hazo babu fitilar titi, yana iya kallon wuri ɗaya awanni da yawa. Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci kuma shine masu sayarwa basa faɗa: wannan gilashin bashi da tsaga. Yana aiki ne kawai in abun da kake kallo ɗigo ne. Galaksi kuwa ba ɗigo bace, shafaffen haske ce, kowane ɓangarenta zai yi nasa bakan su hau kan juna su dame, layukan su ɓace. Andiromeda ma da take kusa, tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, na gwada ta, dusu dusu kawai na samu, babu layi ko ɗaya. Na'urorin masana suna da siririyar tsaga da ke yanko haske kaɗan kafin a raba shi. Aikin Sloan da ya fara a 2000 da teleskop mai mita 2.5 a New Mexico ta Amurka, a da faranti suke hudawa daidai wurin kowace galaksi su cusa zaren gilashi a kowane rami, 640 a lokaci ɗaya da farko, da haka suka tara bakan galaksi sama da miliyan. Na'urar NIRSpec ta James Webb kuma ƙananan ƙofofi gare ta kusan 250,000, a buɗe wadda ake so a rufe sauran.

Sannan ga nisa yana ja wa haske tsawo. Galaksin nan JADES-GS-z14-0 da aka sanar a 2024, muna ganinta ne yanda take tun sararin nan bai cika shekara miliyan 300 ba, haskenta ya miƙe kusan sau 15 a hanya, layin 486 ya koma sama da 7,000, can cikin infared inda ido da kyamarar waya basu da aiki ko kaɗan. A 2025 na'urar ALMA da ke hamadar Atacama a Chile ta gano oksijin a cikinta, ma'ana tun a wannan lokacin har an haifi wasu taurari sun rayu sun fashe sun watsa abinda suka dafa. Masana kansu abun ya zo musu da sauri fiye da yanda suka zata. Cikin ɗan abinda masu irin gilashin nan ke kaiwa a wajen galaksinmu akwai kwasa (quasar, wato tsakiyar wata galaksi mai nisa mai tsananin haske) irin 3C 273, domin ita a ido ɗigo ce, Maarten Schmidt ne ya fara karanta bakanta a 1963, layukanta sun goce zuwa ja da wajen kashi 16 cikin 100, amma sai da teleskop mai bin tauraro da kansa da kyamara ta musamman da sama mai duhun gaske. Kayana basu kai nan ba, kuma ko ka kama ta gocewar za ka gani ba shekarun taurari ba.

Sai matsalar garinmu, wadda ba laifin gilashi bace amma dole mai saye ya sani. Lokacin da Shi'ira da Oriyon suka fi kyau shine lokacin hazo, wani daren ka fito kaga sama fari fat taurari biyar kawai. Damina kuma gajimare, Agusta ma sama a rufe take yawanci. Daren da ya fi min kyau shine bayan an yi ruwa an ɗauke, sama ta wanku, irin na ƙarshen Oktoba da Nuwamba ko Maris. Fitilun Kanda da na Nima suna haske sama har tsakar dare, amma abun mamaki taurari masu haske basu damu sosai ba, Shi'ira, Suhailu, Rijal, Betelgus, Vega, Antares, duk ana samun bakansu daga cikin unguwa. Masu rauni ne sai ka fita, ta wajen Dodowa ko Shai Hills sama ta fi duhu nesa ba kusa ba. In baka san taurari da suna ba ka sauke Stellarium a waya, zata nuna maka wanne ne wanne.

Kuma don Allah masu koyarwa, in kun nuna wa yara wannan ku haɗa musu da labarin Kuntunse, nan kan hanyar Nsawam. Tsohon farantin sadarwa ne mai faɗin mita 32 aka mayar da shi teleskop na rediyo, aka ƙaddamar a 2017, kuma cikin abinda yake saurare akwai siginar metanol a gigahaz 6.7 daga wuraren da ake haihuwar manyan taurari. Wannan ma karanta sinadari ne daga nesa, da rediyo maimakon launi, kuma a ƙasarmu ake yi, 'yan Ghana ke yi. Yaranmu na Zongo da yawa suna wucewa ta hanyar a trotro basu san menene farantin ba, abun yana damuna sosai.

Gargaɗi ɗaya da bana wasa da shi, kar wanda ya kuskura ya juya teleskop wajen rana da wannan gilashin, ba filtar rana bane, baya rage komai, ido zai tafi nan take kuma baya dawowa. In yara na wurin da rana ka rufe bakin teleskop ka ɗauke shi gaba ɗaya.

Ta ɓangaren ƙarko, zoben ƙarfe ne mai kyau, zaren bai taɓa cijewa ba, amma babu wata alama a jikinsa da ke nuna ta ina bakan zai fito, sai ka yi ta juyawa cikin duhu, ni na ɗiga masa farin fenti a gefe na huta, ya kamata ace daga kamfani ya zo da ita. Robar da ya zo a ciki kuma bata rufuwa gam, ga danshin Accra da ke sa fumfuna a gilashin kyamara, don haka na sa shi a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika irin na kwalin takalmi. Kar ka goge shi da bakin riga ko tishu, kar ka hura masa iskar baki, ɗan famfon roba na kyamara ya isa kore ƙura. Akwai masu layi 200 a milimita, bakansu ya fi tsawo amma ya fi dushewa, ga ƙaramin teleskop irin nawa da waya mai layi 100 ya fi sauƙin sha'ani. Kuma kafin ka biya ka duba idon teleskop ɗinka, wasu ƙananan da ake sayarwa a kasuwa na inci 0.965 ne, wasu kuma na roba ne babu zare a gindinsu sam, waɗannan gilashin bazai hau ba, ka tafi da idon naka shagon ka murɗa da hannunka tukuna.